Nazarin Lamari: Sauya Wurin Ajiye Takardu a Kwamfutar Wani Ofishin Dillancin Kayan Gwari a Legas

Yanayin ofishin da kwamfutar

Ofishin ɗaki guda ne a gefen kasuwar Mile 12, inda manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga Arewa. Mai ofishin dillali ne da ke karɓar lodi daga Kano da Katsina da Kebbi, ya sayar a madadin masu kaya, ya cire la'adarsa, ya tura musu sauran kuɗinsu. Yana da akawu ɗaya da ke riƙe da dukkan lissafi a kwamfuta: littafin bashi da jerin motoci a Excel, wasiƙu da takardun yarjejeniya a Word, takardun lodi da ake ɗauka da sikana, sai kuma hotunan rasit na banki da bidiyon kaya da direbobi da abokan ciniki ke turowa ta WhatsApp, waɗanda akawun ke saukewa ta burauzar Chrome.

Kwamfutar ta hannu ce, irin wadda a Legas ake kira tokumbo, an saye ta a Computer Village da ke Ikeja a ƙarshen 2022. A lokacin tana ɗauke da Windows 10 da faifan ajiya guda biyu. Na farko ƙarami ne mai sauri, irin SSD, mai gigabait 128, wanda kwamfuta ke nuna shi a matsayin 119, shi ne faifan C inda Windows ke zaune. Na biyu babba ne mai terabait 1, ana ganinsa a matsayin gigabait 931, shi ne faifan D. A ranar da aka fara kunna ta an shiga da asusun Microsoft na akawun, kuma a cikin tambayoyin da ake amsawa da sauri a irin wannan lokaci aka amince OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft da ke intanet, ta riƙa adana foldojin Documents da Desktop da Pictures. Babu wanda ya lura da hakan a ofishin. Ma'anarsa ita ce foldar takardu ta bar mazauninta na asali ta koma cikin foldar OneDrive, wadda ita ma a faifan C take, sa'annan asusun kyauta na OneDrive gigabait 5 kawai yake bayarwa.

Farkon matsalar: Nuwamba zuwa Disamba 2023

Alamar farko ita ce layin da ke ƙarƙashin faifan C ya rikiɗa daga shuɗi zuwa ja, abin da Windows ke yi idan wurin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Daga nan sabuntawar Windows ta fara tsayawa a hanya, kwamfutar ta yi nauyi, OneDrive kuma ta riƙa nuna saƙon cewa ma'ajiyarta ta cika. A ƙarshen Disamba wurin da ya rage a C bai wuce gigabait 4 ba. Foldar Downloads ta ci kusan 38, Documents kusan 17, akasarinsu takardun sikana ne. Faifan D kuwa kusan fanko yake.

Buƙatar mai ofishin a bayyane take, domin abin da ya ce wa akawun shi ne: "Malam, tun da ka ce akwai wani babban wuri a cikinta da babu komai, ka sa ta riƙa zuba takardun can mana." A cikin wannan umarni akwai ayyuka uku da ba a rarrabe su ba a lokacin: a sauya inda sababbin takardu za su riƙa sauka, a kwashe tsofaffin daga inda suke, a kuma tabbatar manhajojin da ake aiki da su sun san sabon wurin.

Yunƙuri na farko: kwafi da hannu, Janairu 2024

Akawun ya buɗe sabuwar folda a D, ya sa mata suna Takardu, ya kwafe duk abin da ke Documents ya zuba a ciki. Bai goge na asali ba saboda tsoron kada wani abu ya salwanta, don haka faifan C bai sami ko kaɗan na sarari ba. Shirinsa shi ne daga ranar ya riƙa zaɓar D da kansa duk lokacin da zai ajiye aiki.

Shirin bai jure cunkoson safiya ba. Idan mota uku suka iso a tare, masu kaya na buga waya, 'yan dako na jiran sallama, hannu yakan tafi inda ya saba ne. Akawun yakan buɗe Excel ya danna littafin bashi daga jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan, wannan jeri kuwa tsohon kwafin da ke C yake nunawa. Da yamma, idan hankali ya kwanta, sai ya shiga D ya buɗe sabon kwafin ya ci gaba da rubutu. Cikin mako uku littafin bashi ɗaya ya zama biyu masu suna iri ɗaya, kowanne da abin da ɗayan ba shi da shi.

Abin ya fito fili ne ranar da wata mai sarin albasa ta zo ɗaukar kaya aka ce mata akwai ragowar kuɗin buhu goma sha biyu a kanta. Ta buɗe wayarta ta nuna rasit ɗin da ta turo kwana tara da suka wuce. Akawun ya duba littafin da ke gabansa bai ga biyan ba, ya duba WhatsApp ya ga rasit ɗin har da amsar da shi kansa ya ba ta cewa ya shigar. Sai da ya buɗe ɗaya kwafin ya tarar da kuɗin a rubuce a layinsu. Ya ce wa maigidansa: "Ranka ya daɗe, ta biya, littafin ne ya rabu biyu." Aka ba matar haƙuri, aka kuma dakatar da amfani da kwafin D har sai an san abin yi.

Yunƙuri na biyu: saitin Windows, Fabrairu 2024

Wani maƙwabcin ofishin ya nuna wa akawun wani wuri a Windows da sunansa ya yi daidai da abin da ake nema. Ana shiga Settings, a zaɓi System, sai Storage, sai "Change where new content is saved". A Windows 11 ana samunsa a ƙarƙashin "Advanced storage settings". Akwai layi na takardu, na hotuna da bidiyo, na kiɗa da na manhajoji, kowanne da damar zaɓar faifai. Akawun ya mayar da na takardu zuwa D ya danna Apply.

Saitin ya yi abin da aka gina shi ya yi, sai dai hakan bai kai buƙatar ofishin ba. Windows ta ƙirƙiri folda a D mai sunan mai amfani da kwamfutar, da wata Documents a cikinta, ta sa ta cikin abin da ake kira Library na takardu, wato jerin da ke nuna foldojin takardu a wuri ɗaya. Ba ta taɓa tsofaffin fayiloli ba, ba ta kuma sauya mazaunin ainihin foldar Documents ba. Word da Excel suna da nasu saitin na inda suke ajiya, saboda haka suka ci gaba da kai aiki OneDrive. Chrome ta ci gaba da zuba rasit da bidiyo a Downloads na faifan C, wadda wannan shafi ba shi ma da layinta. 'Yan fayiloli kaɗan ne suka faɗa sabuwar foldar. A ƙarshen Fabrairu takardun ofishin suna wuri uku, wurin da ya rage a C kuma ya sauka ƙasa da gigabait 3.

Yunƙuri na uku, da ranar 14 ga Maris 2024

A farkon Maris, ganin kwamfutar na neman tsayawa gaba ɗaya, akawun ya danna foldar OneDrive da ɓangaren dama na linzami ya zaɓi "Free up space". Wannan umarni yana cire kwafin da ke cikin kwamfuta na duk fayil ɗin da ya riga ya hau intanet, ya bar sunansa kawai da alamar gajimare a gefe, sai an danna shi sannan a sauko da shi. An samu kusan gigabait 4, domin abin da ya hau ɗin bai wuce iyakar asusun kyauta ba. Tun da sunayen fayilolin suna nan a inda suke, akawun ya ɗauka komai na nan.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwana huɗu da fara azumi, manyan igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a yankin gaɓar Kodebuwa. Intanet ta raunana a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, har ayyukan bankuna suka shiga tangarɗa. A ranar ne wani mai kaya da ya zo daga Aliero ya nemi a rufe lissafinsa na 2023 kafin ya juya gida. Littafin 2023 yana cikin fayilolin da suka koma gajimare. Akawun ya danna shi, akwatin saukewa ya fito ya tsaya cak, daga baya ya ba da saƙon kuskure. An gwada layin waya biyu ba a dace ba. Kwafin da ke D, wanda aka yi a Janairu, ba a amince da shi ba saboda abin da ya faru da mai albasa. Mai kayan ya ƙara kwana a Legas ba da shirinsa ba, sai washegari da daddare fayil ɗin ya sauko. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: gigabait 4 da aka samu sun sa lissafin ofishin ya dogara da abin da ofishin ba shi da iko a kansa.

Shafin Location ya ƙi, ƙarshen Maris 2024

Hanyar da ke sauya mazaunin foldar Documents da gaske ita ce a danna ta da dama, a shiga Properties, a buɗe shafin Location, a danna Move. Akawun ya kai ga wannan hanya a ƙarshen Maris, amma Windows ta ƙi, ta ba da saƙon cewa ba za a iya matsar da foldar ba saboda akwai wata folda a wurin da ba za a iya karkatar da ita ba. Dalili shi ne OneDrive na riƙe da foldar, kuma muddin adanawarta na kunne, wannan shafi ba ya aiki a kanta.

Wani mai gyara da aka kira ya ba da shawarar a goge kwamfutar baki ɗaya a sake zuba Windows. Mai ofishin ya ƙi, da hujjar cewa ba zai bari a goge komai ba alhali ba a san wane littafi ne na gaskiya ba. Aka bar maganar sai bayan Salla.

Gyaran da ya yi aiki: Afrilu 2024

An yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu. A makon da ya biyo baya ɗan ƙanwar mai ofishin, wanda ke aikin kwamfuta a Agege, ya zo ya zauna da akawun. Kafin ya taɓa komai ya buɗe Properties na kowace folda ya rubuta cikakken adireshinta da yawan fayilolinta da girmanta a takarda. Ya ce: "Kawu, yau ba za mu goge ko fayil ɗaya ba. Sai mun ƙirga, mun kwafa, mun sake ƙirgawa." Ya kuma nemi a tayar da janareto a bar shi a kunne har a gama, don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar kwashe fayiloli.

Ya fara da Downloads, wadda ba ta cikin foldojin da OneDrive ke riƙe da su, don haka shafin Location ya yi aiki a kanta ba gardama. Ya ƙirƙiri folda mai suna Ofis a D, da wasu biyu a cikinta, Saukewa da Takardu. Ya ja hankalin akawun a kan cewa ba a zaɓar faifan D ɗin kansa a matsayin sabon mazauni, dole sai an zaɓi folda a cikinsa, domin idan aka zaɓi faifan, Windows za ta ɗauki dukkansa a matsayin foldar, kuma warware hakan yana da wahala. Da Windows ta tambaya ko a kwashe tsofaffin fayiloli zuwa sabon wurin, ya amsa da Yes. Wannan mataki kaɗai ya mayar wa faifan C gigabait 38.

Da sararin ya samu, sai ya danna foldar OneDrive ya zaɓi "Always keep on this device", aka jira har alamar gajimare ta ɓace daga kan kowane fayil, koriyar alama ta maye gurbinta. Dole ne wannan ya zo bayan matakin farko, saboda da an fara da shi faifan C zai sake komawa dab da cika. Ya kwafe foldar gaba ɗaya a wani faifai na waje da aka saya don haka, ya gwada yawan fayiloli da abin da ya rubuta a takarda, suka yi daidai.

Daga nan ya shiga saitin OneDrive, sashen "Sync and backup", ya danna "Manage backup", ya kashe adanawar Documents da Desktop da Pictures. Nan take fuskar kwamfutar ta zama wayam, duk fayilolin da akawun ya jera a kanta suka ɓace, akawun ya miƙe tsaye yana salati. Ba su ɓata ba: a wancan lokacin idan aka kashe adanawar, fayilolin suna zama a cikin foldar OneDrive, foldar asali kuma ta dawo fanko. Aka buɗe aka nuna masa su, aka mayar da na Desktop mazauninsu. Yanzu da foldar Documents ta kuɓuta, shafin Location ya karɓi sabon adireshi, wato foldar Takardu da ke cikin Ofis a faifan D. Aka kwafo abin da ke Documents na OneDrive zuwa can, aka ƙirga, sannan aka cire na C. An yi wa mai ofishin bayani cewa cire fayil daga foldar OneDrive yana cire shi daga intanet ma, kodayake kwandon sharar OneDrive na asusun mutum ɗaya yana riƙe shi kwana 30.

Saura manhajoji. A Word aka shiga File, Options, Save, aka sa alama a "Save to Computer by default", aka rubuta sabon adireshin a "Default local file location". Aka maimaita a Excel, domin kowacce da nata gurbin adireshin. Aka share jerin fayilolin kwanan nan a dukkansu biyun, tun da shi ne ya riƙa kai akawun tsohon kwafi. An duba Chrome, sashen Downloads, aka tarar ta bi sabuwar foldar Saukewa da kanta. Manhajar sikana kuwa tana da adireshin tsohon wurin a rubuce a saitinta, sai da aka gyara shi da hannu. Saitin da aka taɓa a Fabrairu aka mayar da shi yadda yake, aka kwaso 'yan fayilolin da suka faɗa waccan foldar.

Abin da ya fi cin lokaci ba shi da alaƙa da saiti. Littafin bashin da ya rabu biyu sai da aka buɗe kwafin biyu gefe da gefe, akawun na karantawa, mai ofishin na duba saƙonnin banki a wayarsa, layi bayan layi, har aka haɗa su wuri ɗaya. An samu biya bakwai da ke cikin kwafi ɗaya babu su a ɗayan. Tsohuwar foldar Janairu aka sa mata suna "Tsoho kada a taɓa", aka kai ta faifan waje. Gwajin ƙarshe shi ne a buɗe sabuwar takarda a Word da Excel, a sauke rasit ɗaya, a ɗauki takarda ɗaya da sikana, a ajiye kowanne ba tare da zaɓar wuri ba. Duka huɗun suka sauka a D. Wurin da ya rage a C ya kai kusan gigabait 58.

Bayan gyaran

Abu biyu suka taso daga baya. OneDrive ta sake fito da tayin adana foldoji bayan wata sabuntawa, akawun ya gane saƙon ya ƙi amincewa. Na biyu, faifan waje da ake kwafe foldar Ofis a kansa duk Juma'a yakan zo da harafin E, wani lokaci F idan akwai filashi a jiki, abin da ya sa gajeriyar hanyar da aka yi masa ta daina aiki. Aka shiga Disk Management, inda Windows ke sarrafa faifai, aka ba shi harafin Z na dindindin.

Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma a wannan watan aka goge faifan C aka zuba Windows 11. Takardun da ke D ba abin da ya same su. Sai dai duk saitin da aka yi ya tafi tare da tsohuwar Windows, don haka aka sake nuna wa Documents da Downloads mazauninsu ta shafin Location, aka sake saita Word da Excel da sikana, ana bin takardar da aka rubuta a Afrilu 2024. A wannan karon an karanta tambayar OneDrive kafin a amsa ta.

Hukunci

Yunƙurin farko ya gaza ne saboda ya jingina da tunawar mutum a lokacin da aiki ya fi yawa, kuma shi ne ya fi yin ɓarna, domin ya taɓa amincin lissafi. Na biyu ya gaza saboda sunan saitin ya fi aikinsa faɗi: inda Windows ke ba da shawarar ajiya daban, inda foldar Documents take daban, inda Word da Excel da Chrome da sikana ke kai fayil daban. Na uku ya rage alamar matsalar kawai. Shafin Location shi ne hanya madaidaiciya tun farko, amma ba zai yi aiki ba sai OneDrive ta saki foldar, ita kuma bai kamata a kashe ta ba sai fayilolin gajimare sun sauko, su kuma bai kamata a sauko da su ba sai an samar musu wuri. Jerin matakan ne ya yi aikin, fiye da kowane mataki shi kaɗai.

A ganin mai wannan nazari, ƙin da mai ofishin ya yi na a goge kwamfutar a Maris daidai ne, domin fiye da gigabait 12 na takardun da ke foldar OneDrive ba su taɓa hawa intanet ba saboda ma'ajiyar ta cika, kuma waɗanda aka samar bayan Janairu ba su da kwafi a D. Kashe adanawar OneDrive kuwa yana da farashi da ba a gama biya ba. Ofishin da ke da intanet mai ƙarfi, kuma zai iya biyan kuɗin ƙarin ma'ajiya, zai fi dacewa ya bar ta a kunne tare da "Always keep on this device". Wannan ofishi ya zaɓi akasin haka saboda tsadar data da raunin sadarwa, amma yanzu faifan D da faifan waje suna kwana a ɗaki ɗaya a cikin kasuwa, inda gobara ko sata za ta iya haɗawa da su duka. An ba da shawarar akawun ya riƙa tafiya da faifan waje gida, a kuma riƙa ɗora littafin bashi kaɗai a OneDrive duk mako, tun da girmansa bai kai megabait 10 ba. An fara aiki da shawara ta biyu, ta farkon kuwa mai ofishin bai amince lissafinsa ya riƙa kwana a gidan wani ba tukuna.